Sanarwar Sadakar Mijina, Ba Zan Janye Ta Ba

Zuwa ga Shugaban kwamitin da aka kafa don binciken amai da gudawar da suka auka wa unguwarmu, tare da sauran 'yan kwamitinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aiki, da haƙuri da jama'a. Ina gaida 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, har da ma'aikacin da ya kawo takardarku, wanda ya tsaya a bakin zaurena yana tambayar masu wucewa ko nan ne gidan da aka dafa guba. Nan ne. Allah ya ba mu haƙurin zama da juna.

Sunana Malama Saude, matar marigayi Alhaji Sada na Ƙofar Marusa. Na koyar a firamare har na yi ritaya, don haka in wasiƙar nan ta yi tsawo ku yi haƙuri, tsohuwar malama ba ta iya barin darasi a tsakiya ba. Takardarku ta iso. Na karanta, na goge tabarau na sake karantawa, ko idona ne yake yi mani ƙarya. Kuna so in bayyana a gabanku, in sa hannu cewa sanarwar da na sa aka yi a lasifikar masallacinmu kuskure ce da ta tada hankalin jama'a ba gaira ba dalili, sannan in nemi afuwa. Kun ƙara da cewa in na yi haka za a mayar wa ladaninmu, Malam Mati, lasifikar da kuka sa aka hana shi taɓawa.

Zuwa dai ba zan zo ba. Ina cikin takaba, mai takaba kuwa ba ta fita sai da lalura, kuma neman afuwar abin da ban yi nadamarsa ba ba ya cikin lalura. Sa hannu kuma, ko ba takaba ba zan sa ba. Tunda a bainar jama'a aka yi sanarwar, a bainar jama'a zan kare ta, shi ya sa na buɗe wasiƙar nan kowa ya karanta.

Na ɗaya: yadda abincin ya fita.

Ku Katsinawa ne kamar ni, bai kamata a ce ina koya maku yadda ake sadaka ba. Amma takardarku ta yi magana kamar abincin ya zauna wuri ɗaya ne, irin walimar otal da ake sanin waɗanda suka zauna a tebur. Ranar Juma'ar da aka yi sadakar arba'in ta Alhaji, matan unguwa ne suka taru a tsakar gidana suka ɗora tukwane. Wata ta kawo shinkafa, wata mai, wata kayan miya, dangi suka kawo nama. An soya miyar tun ranar Alhamis don a rage aiki, ga zafi, ga wutar lantarki ta ƙi zuwa. Ban ɓoye wa kowa wannan ba. Ban kuma ce shi ne sanadi ba, domin ban sani ba.

Bayan la'asar kwanuka suka fara fita. Gidan da aka kai wa abincin sadaka ba ya cinyewa shi kaɗai. Sai an miƙa wa maƙwabciya ta katanga, an ajiye wa maigida, an aika wa tsohuwa a wata unguwa. Leburorin da ke gini a layinmu sun ƙulle nasu a leda sun tafi da shi ƙauye don iyalinsu su samu albarka. Akwai kulolin da suka tafi GRA, akwai waɗanda suka nufi Ƙofar Guga. Abin da ya rage kuwa kun san inda yake kwana. Ɗumame ne na safe, kuma yara ake fara zuba wa.

Ga abu na biyu da takardarku ta tsallake. Abincin sadaka ba a kushe shi. Wanda ya ci ya kwanta zai ce shawara ce, zai ce sanyi ne, zai ce tsohon basir ne ya motsa, amma ba zai buɗe baki ya ce abincin da aka dafa don nema wa mamaci rahama ne ya kayar da shi ba, balle a ce matar mamacin tana zaune a ɗaki da hawaye bai bushe ba. Wannan kara ce, da ita aka raine ni, kuma a kowace rana ina alfahari da ita. Ranar nan ce kawai ta so ta cinye mana unguwa.

Na biyu: safiyar Asabar.

Abu na farko da ya shigo gidana da safen nan wata tsohuwar langa ce mai zanen fure. Malam Rabe maɗinki, na Ƙofar Guga, aminin mijina ne tun suna makarantar allo, kuma a cikin langar nan Alhaji yake aika masa abinci kowace Juma'a tun kafin a haifi 'ya'yanmu. Ranar sadaka na ce a cikinta za a zuba nasa. Ta dawo a wanke tas, da saƙo: "A ce ma Malama abinci ya yi daɗi ƙwarai. Allah shi kai lada kabarin Sada." Na ji sanyi a raina, na yi masa addu'a. Ku riƙe maganar langar nan, zan dawo kanta.

Daga nan na lura gidan ya yi shiru. Matan da ba sa fashin zuwa gaida ni da safe ba su zo ba. Waɗanda suka leƙo kuwa kowace da nata uzurin, wannan ta ce ɗan zazzaɓi ne ya kama maigida, waccan ta ce haƙori ne yake damun yaron goye, kuma ba wadda ta yarda muka haɗa ido. A cikin gidana ma mutum biyu suna kwance, mun ɗauka gajiyar hidima ce. Ni ban ci abincin ba, tun rasuwar Alhaji kunu ne abincina.

Sai ga Murja, nas ce, gidansu yana kallon namu, kuma ɗalibata ce a da. Ta durƙusa ta gaida ni, sannan ta ce, "Malama, ni hwa ba ni iya riƙe maganar nan. Tun asuba nike bin gidaje, duk inda na shiga amai da gudawa, kuma kowa sai ya ja ni gefe ya ce don Allah kar ki bari Malama ta ji."

Ranka ya daɗe, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ga tsoro a kanta. Kowane gida yana zaton shi kaɗai ne, kowane gida yana rufa mani asiri, ni kuma ina zaune ina karɓar godiya. Abin da ya dawo da ni hayyacina tunanin ɗumame ne. Asabar ce, ba makarantar boko, yara suna karatun safe na allo, kuma da hantsi za su dawo da yunwa su tarar da shinkafar jiya a kan wuta.

Kafin mu yi komai sai da muka nemi hukuma. Ina so a rubuta wannan da babban baƙi, domin takardarku ta ce mun yi gaban kanmu. Murja ta kira lambar ofishin da aka ce shi ke kula da irin wannan. Ta kira ta sake kira. Da aka ɗauka, amsar da aka ba ta ita ce ƙarshen mako ne, a rubuto a rubuce ranar aiki, kuma kada a faɗa wa jama'a komai sai an tabbatar ta hanyar gwaji. Ta tambaya wa zai zo ya yi gwajin, aka ce mai yi ba ya gari.

Na aika aka kira mani Malam Mati ladan da ƙanen mijina, Alhaji Lawal. Suka tsaya a soro, ni ina bayan labule. Da na faɗi abin da nake so, Alhaji Lawal ya ce, "Haba Malama! Sadakar yayana ce hwa. Mi za a ce da mu cikin gari? Ki bari mu bi gida-gida a asirce." Ban ga laifinsa ba, sunan ɗan'uwansa yake karewa, kuma sunan nan ni ma shi nake ɗauke da shi. Na ce masa kafin a gama bin gidaje a asirce an gama suɗe tukwane, kuma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na ce masa Alhajin da na zauna da shi, da za a tashe shi a tambaye shi tsakanin sunansa da yaron maƙwabci, da kansa zai karɓi lasifikar.

Malam Mati ya tambaye ni, "Malama, har da sunan za ni hwaɗi?" Na ce har da sunan. A Juma'ar nan an yi suna a layin baya, an ɗaura aure a gaba da mu, in ba a faɗi gidan ba kowa zai zubar da abincin wani ya ci nawa.

Ga abin da ya faɗa, ba ƙari ba ragi: "Jama'a, saƙo daga Malama Saude, matar marigayi Alhaji Sada. Duk gidan da abincin sadakar jiya ya shiga, kar a ci, kar a ba yara, kar a ba dabba. Duk wanda ya ci yake amai ko gudawa ya fito makarantar Islamiyya, ko a aiko a ɗauke shi. Malama ta ce ba kunya, ita ta ce a faɗa."

Ina ɗakina na ji sunan mijina yana fita daga lasifikar da aka sanar da jana'izarsa, yanzu kuma a haɗe da amai da gudawa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma ku dubi jimlar ƙarshe da kyau. Ko da motarku mai lasifika ta zo a kan lokaci, mutanen nan ba za su fito ba, domin ba ku suke jin kunya ba. Ni suke jin kunya, kuma ni kaɗai ke iya sauke masu ita.

Na uku: abin da kuka kira hargitsi.

Ba a sauke lasifikar ba ƙofofi suka fara buɗewa. Liman ya buɗe Islamiyya, aka shimfiɗa tabarmi, maza a baranda, mata a cikin azuzuwa. Murja ta tsaya a ƙofa tana tacewa. Wanda ke iya shan ruwa ya zauna a ba shi ruwan gishiri da sukari, wanda idonsa ya faɗa, da ƙananan yara, da tsofaffi, da masu ciki, a wuce da su asibiti. Tukwanen da suka dafa shinkafar jiya aka wanke su da sabulu aka ɗora ruwan zafi a ciki. 'Yan acaba da masu keke napep na bakin titi suka bar lodi suka jeru a ƙofar makaranta, kuma Murja ta raba su, waɗannan su yi asibitin nan, waɗancan su yi wancan, don kada a jibge wa wuri ɗaya.

Maza ba su shiga gidajen aure, don haka mata suka rabu bibbiyu suna bin lunguna. Su suka zuba abincin jiya, sun san inda kwanuka suka nufa. Duk gidan da suka shiga sai sun ga marar lafiya da idonsu, sun kuma fito da ragowar abincin a bokiti, samari suka haƙa rami a bayan makaranta aka binne. A gidaje da dama a kan murhu suka sauke tukunyar, yara suna zaune da kwanukansu a hannu suna jira. Mai unguwa ya kira dagacin ƙauyen da leburori suka fito. Malam Mati ya yi ta kiran ladanan sauran unguwanni yana karanta masu saƙon. Ni kuma ina zaune da waya, ina kiran dangi da abokan arziki ɗaya bayan ɗaya ina maimaita abin da ba mace mai son faɗa: abincin gidana ne, kada ku ci. Alhaji Lawal da ya ƙi da farko, shi ya wuni yana jigilar marasa lafiya a motarsa har kujerun suka lalace. Allah ya saka masa.

Ban ce komai ya tafi daidai ba. Wasu da ko ƙanshin abincin ba su ji ba sun ruga asibiti don tsoro, sun ƙara wa ma'aikata wahala. Wasu 'yan zamani kuma sun hau waya sun rubuta cewa gawa ta cika Ƙofar Marusa, Allah ya shirye su. Amma ƙaryar nan ba daga lasifikarmu ta fita ba. Ta samu wurin zama ne saboda waɗanda ya kamata su fito su faɗi gaskiyar lamari suna hutun ƙarshen mako. Ma'aikatan asibitin da suka karɓi mutanenmu suka yi ta sa ƙarin ruwa ba ci ba sha, su kam ba ni da abin ce masu sai godiya.

Na huɗu: zuwanku.

Sai da aka shiga sabon mako, waɗanda suka kwanta sun fara tashi, muka ga farar mota da mutane masu safar hannu da mai ɗaukar hoto. Ihu bayan hari. Suka kwashe tukwanen da an riga an wanke an tafasa ruwa a cikinsu, suka ce za a kai gwaji. Ban yi karatun likita ba, amma ban san abin da ake nema a cikin wankakkiyar tukunya ba.

Alhali tun ranar Asabar Murja ta sa an ɗebi shinkafar daban, miyar daban, naman daban, an ƙulle an sa a firizar mai sayar da ƙanƙara na layinmu, don kawai ku zo ku samu abin gwadawa. An faɗa wa ma'aikatanku. Suka ce mai akwatin sanyi bai zo ba, za su dawo. Mai ƙanƙara ya yi ta ƙona mai a janareta yana gadin ƙullin nan har ya gaji, abin ya narke ya yi wari, ya zubar. Yau ku ba ku san ko miyar ce, ko naman, ko ruwan da aka saya ba. Ni ma ban sani ba, kuma duk garin nan ba wanda ya kai ni son ya sani, domin da wannan tambayar nake kwana nake tashi. An kafa ku don ku gano abin da ya kwantar da mutane, kun ƙare da binciken abin da ya tashe su. Tukwanen kuma na maƙwabta ne, aro aka yi, har yau ana aiko mani tambaya.

Na biyar: Malam Mati.

An bar jaki ana dukan taiki. Ni na tsara kalmomin, ni na ba da sunan mijina, shi murya kawai ya ara mani. Amma da yake ba a iya hana mai takaba komai, sai aka je aka tsorata kwamitin masallaci har suka kulle masa lasifika, sannan aka rataya mani makullin a wuya, wai in na nemi afuwa a buɗe. Wannan dabara na san ta, mun yi wa yara ita a aji, a hana kowa fita tara sai mai laifi ya tona kansa. Abin da kuka manta, mai laifin nan ita ta fara tona kanta, da lasifika.

Raina ya ɓaci ƙwarai da jin dattijon nan yana hawa dakali yana kiran salla da maƙogwaro. Na aika masa cewa ina jin nauyin abin da na jawo masa. Ya aiko mani da amsa: "A ce ma Malama kar ta sa hannu don ni. Kahin a yi lasifika da mi ake kiran salla?" Don haka wannan igiyar ma ta tsinke, sai ku nemi wata.

Na shida: tsoho ɗaya.

A takardarku akwai layin da ya fi kowane ƙona mani rai. Kun ce abin bai kai a tada gari ba, tunda a ƙarshe ba a rasa kowa ba sai tsoho ɗaya, wanda dama yana da tsohon ciwo. Kun ga gida bai ƙone ba, sai kuka ce mai ihun gobara ya yi ƙarya, kuka manta da ihun ne ya fito da masu bokiti.

Tsohon nan yana da suna. Malam Rabe ne, mai langar da na ce ku riƙe.

Matarsa Mairo ce ta ba ni labarin daga baya, a waya, tana kuka ina kuka. Shi kaɗai ya cinye abin da ke cikin langar, ya ce wannan ce ciyayyar Sada ta ƙarshe, ba zai raba da kowa ba. Kafin gari ya waye ya riga ya kwanta. A kwancen ya sa ta wanke langar, a kwancen ya ba da saƙon cewa abinci ya yi daɗi. Da ta ce bari ta faɗa wa wani, ya ce mata, "In kika bari Malama ta ji ban yahe maki ba. Ta ji da rashin Sada." Matan da ke bin gidaje suka bar nasa a ƙarshe, tunda a duk waɗanda aka aika wa abinci shi kaɗai ya aiko da shaidar lafiya.

Malam Mati ya kira ladanin masallacin da ke kusa da gidan Malam Rabe tun da hantsi. Bawan Allahn nan ya ji tsoro, ya ce irin wannan magana sai da izinin hukuma, zai jira a tabbatar. Ban riƙe shi a zuciya ba, abin da ake faɗa wa talaka kullum shi ya bi. Ya jira, izini bai zo ba. Sai bayan azahar, da ya ga ana ta wucewa da mutane a kan babura, ya ɗauki lasifikar. Mairo ta ce da muryar ta shigo ɗakin, aka zo kan "Malama ta ce ba kunya, ita ta ce a faɗa," Malam Rabe ya buɗe ido ya ce, "To, tunda ita ta ce, kira mai mashin." An kai shi asibiti, an nemi jijiya an rasa, washegari ya cika.

Na san kwana ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma Allah da ya rubuta ajali shi ya ce a nemi magani. A unguwar da aka yi sanarwa da safe ba mu binne kowa ba. A inda aka tsaya jiran izini mun binne Malam Rabe. Yanzu kuma na ji kuna shirin ba da shawarar a kafa doka cewa ba masallacin da zai sake yin irin wannan sanarwa sai da takardar izini. Wato kuna so kowane ladan a Katsina ya zama mai jira.

Na bakwai: abin da nake roƙo.

Ku janye maganar afuwa, ku sa a buɗe wa Malam Mati lasifikarsa ba tare da sharaɗi ba. Ku bar maganar takardar izini. A madadinta ku ba kowane mai unguwa da kowane liman lambar da ake ɗauka ranar Asabar da Lahadi da ranar Salla, domin a ranakun nan ne ake biki da suna da sadaka, ciwon ciki kuma bai san ranar aiki ba. Ku tanadi mai zuwa da akwatin sanyi a ranar da aka kira. Ku zauna da irin su Murja da matan da suka bi lunguna, ku ji yadda suka raba aiki, ku gyara inda suka yi kuskure, ku koya wa sauran unguwanni tun kafin tasu ta zo, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku koya wa masu girkin taro yadda ake ajiye miya a lokacin zafi, ni ce farkon mai aiko da matan gidana. Sama da duka, ku fito ku faɗa da bakinku cewa duk wanda ya ga abincin gidansa yana kayar da mutane ya fito ya sanar, ba za a tozarta shi ba. In kuna da tambaya gare ni, sorona a buɗe yake, akwai tabarma, zan amsa daga bayan labule.

Kada ku ɗauka don sunana nake wannan taurin kai. Sunan ya riga ya tafi. Na san a wasu majalisu yanzu ba a cewa sadakar Alhaji Sada sai an haɗa da dariya, na san akwai dangin da suka daina kirana, kuma na san zan daɗe ban aika kwano wani gida an karɓa da sakin fuska ba. Na biya wannan da saninsa. Abin da ba zan biya ba shi ne in sa hannu a kan cewa shiru ya fi. Mata suna kallona. Kowace za ta yi suna, za ta aurar, wata rana za ta yi sadaka, kuma abin da kuka yi da ni shi za ta tuna ranar da nas ta durƙusa a gabanta da irin labarin da Murja ta kawo mani.

Langar tana nan a ɗakina, a wanke kamar yadda ya aiko ta, na kasa zuba komai a ciki. In har kun dage sai na nemi afuwa, to ga sharaɗina ɗaya. Ranka ya daɗe, ka zo da kanka ka karɓe ta, ka kai ta Ƙofar Guga, ka yi sallama a soron Malam Rabe. Mairo tana ciki, ita ma takaba take yi. Ka miƙa mata langar, ka faɗa mata da bakinka cewa ladanin da ya jira shi ya yi daidai, wanda ya yi magana da safe shi ya yi kuskure. In ta ce haka ne, ka dawo mani da takardarka, zan sa hannu.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya tsare gidanka da gidajen 'yan kwamitinka daga irin safiyar da muka gani. Allah ya ba sauran marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ya jiƙan Alhaji Sada, ya jiƙan amininsa Malam Rabe, ya haɗa su a inda abinci ba ya cutarwa.

Wassalam.

Malama Saude,
matar marigayi Alhaji Sada,
Ƙofar Marusa, Katsina.